Furogiram ɗin rahoto na RPG ya ƙi harhaɗuwa a AS/400, kurakurai 63, ta ina zan fara?

Sabon_Hannu:

Assalamu alaikum. Wata uku ke nan da aka miƙa mini injin IBM i na wurin aikinmu, wanda har yau kowa AS/400 yake ce masa, bayan dattijon da ke kula da shi ya yi ritaya. Akwai furogiram ɗin RPGLE (nau'in harshen rubuta furogiram na RPG) da ke fitar da rahoton cinikin wata. Da yana karanta tsohon fayil na DDS (tsohuwar hanyar bayyana tsarin fayil), yanzu an ce in mayar da shi kan sabon tebur, SAYARWA, da abokin aikina ya ƙirƙira da SQL. Layin F, inda ake bayyana fayiloli, shi kaɗai na taɓa, sai fili ɗaya da na ƙara a fayil ɗin firinta. Na ba da umarnin harhaɗawa CRTBNDRPG, ya tsaya da saƙon RNS9308. Da na buɗe takardar sakamakon harhaɗawar a WRKSPLF na ƙirga kurakurai 63, kusan duk RNF7030, wai ba a bayyana suna ba. Filayen kuwa suna nan, na gan su da idona a DSPFFD, umarnin da ke nuna filayen fayil. Ranar Litinin masu lissafi ke jiran rahoton. In bayyana filayen ɗaya bayan ɗaya a layin D (inda ake bayyana sunaye da hannu) ne?

Dattijon_RPG:

Wa alaikumus salam. Kada ka kuskura, ɗana. In ka bayyana su da hannu ƙorafin zai ragu, amma ka rufe ciwo ne da riga.

RNF7030 ɗin nan 'ya'ya ne, uwarsu tana sama. Kamfaila na ɗauko sunayen filaye daga fayil ɗin kansa lokacin harhaɗawa. Da zarar ya yi watsi da fayil ɗaya, duk layin da ya ambaci filinsa sai ya yi kuka. Je ƙarshen takardar, wurin taƙaitaccen saƙonni, ka nemo masu nauyin 40 (nauyi shi ne tsananin kuskuren), sannan ka koma saman layukan F. Ina kyautata zaton za ka ga RNF2121 (sunan tsarin rikod ya maimaitu) tare da RNF2109 (an yi watsi da fayil ɗin). Dalili: in aka yi CREATE TABLE ba a sa RCDFMT ba, sunan tsarin rikod yakan zama ɗaya da sunan tebur, shi kuwa RPG ba ya yarda da suna ɗaya ga abu biyu. Tabbatar da DSPFD SAYARWA TYPE(*RCDFMT). In haka ne, rubuta RENAME(SAYARWA:SAYARWAR) a layin F, daga matsayi na 44. Ka ƙirga matsayin da kyau, tsohon tsari ba ya yafe ko tazara ɗaya.

RNF7031 kuma ka ƙyale shi, nauyinsa 00 ne, sanarwa ce kawai cewa ba ka yi amfani da filin ba.

Sabon_Hannu:

Baba, Allah ya ƙara girma. RNF2121 na nan a shafi na biyu, sau uku ina tsallake shi. Na sa RENAME, sun dawo 11. Yanzu RNF2120 ne a kan fayil ɗin firinta.

Maman_Ilham:

Wannan mai sauƙi ne, ƙanena: bai ga fayil ɗin ba. Yi DSPLIBL ka ga jerin laburaren da ake neman fayiloli a cikinsu. In laburaren da ka ƙirƙiri fayil ɗin firinta da CRTPRTF a cikinsa ba ya jeri, shigar da shi da ADDLIBLE. Ka kuma duba ko CRTPRTF ɗin ma ya yi nasara, don ni na taɓa ɓata yini guda ina faɗa da RPG alhali DDS ɗin firinta ne bai harhaɗu ba. Fayil tukuna, sannan furogiram.

Tunda kana wurin, dubi OFLIND, alamar cikar shafi. Fayil ɗin firinta mai bayanin waje ba ya karɓar *INOA zuwa *INOG ko *INOV, sai *IN01 zuwa *IN99 ko alama mai suna.

Injiniya_DB2:

Da ni ne, daga tushe zan gyara. A sake ƙirƙirar teburin da RCDFMT SAYARWAR, kowa ya huta da RENAME a duk furogiram na gaba.

Dattijon_RPG:

Injiniya, maganarka gaskiya ce in teburin bai shiga aiki ba. In ya shiga, sauya sunan tsarin rikod zai sauya lambar shaidarsa, duk furogiram da aka harhaɗa a kan tsohon kuma zai faɗi da CPF4131 wajen buɗe fayil. Yaron da ke da wa'adin Litinin ba zan tura shi can ba. Ya fara duba DSPPGMREF ya san masu amfani da teburin. Kuma kada wani ya ba shi shawarar LVLCHK(*NO), wato kashe duba lambar shaidar, na ga rahoton kuɗi da ya fito da lambobin da ba nasa ba saboda wannan.

Sabon_Hannu:

Alhamdu lillahi, ya harhaɗu. Hajiya, kin yi gaskiya, laburaren gwaji ne ba ya cikin jerina. OFLIND dama *IN90 ne, ban taɓa shi ba. Na gudanar da rahoton watan jiya, jimlar ta yi daidai da tsohuwar takarda har kwabo. Injiniya, furogiram huɗu ke karanta teburin, zan kai wa oga shawararka bayan rufe wata. Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri.