Al'adata ta koma kwana 11, ga jiri

Salamu alaikum 'yan uwa mata. Don Allah a ɓoye sunana. Shekarata 37, haihuwa huɗu, ina Garin Malam. Da kwana 6 nake yi, amma wata biyar ke nan sai na kai kwana 11, jinin guda-guda kamar hanta. Da dare zane biyu nake shimfiɗawa. Jiya ina daka na ga duhu, sai da na dafa turmi. Uwar mijina ta kawo mini sassaƙe, ta ce sanyi ne. Maigida kuma ya ce namiji ba zai duba ni ba. Ya zan yi?

Wata ungozoma: Ƙanwata, sanyi ƙaiƙayi da farin ruwa yake kawowa, ba wannan ba. Al'adar da ta wuce kwana 8, ko ki riƙa canza ƙunzugu duk awa ɗaya ko biyu, ta fita ƙa'ida. Duhun nan da kika gani alamar ƙarancin jini ce. Ja fatar idonki ta ƙasa a madubi, in ta yi fari kin ga shaida. A shekarunki an fi zargin ƙarin mahaifa, fibrom, kuma yawancinsa ba kansa ba ne. Amma sai an yi eko, wato hoton ciki, da awon jini a tabbatar, a kuma duba ko ba ɓari ba ne. Kina allurar tazarar haihuwa? Ita ma takan rikita jini. Ki fara da likitar unguwarku, su tura ki cibiyar uwa da yaro ko babban asibitin Zinder. Kada ki jira wata mai zuwa.

Wata daga Birni: Ni shekara biyu na yi ina shan jiƙo, ƙarshe sai da aka ƙara mini jini leda biyu. Ajiye sassaƙen nan, Inna ba za ta sani ba.

Hajiya daga Zango: 'Yata, kada ki yi musu da maigida. Ki ce ya raka ki da kansa, ku nemi mace ta duba ki. Ya ga zanen da idonsa ma tukuna.

Mai tambaya: Na gode. Ba na allura. To salla fa? Kwana 11 nake zaune.

Wata malamar Islamiyya: A mazhabar Malikiyya ki ƙara kwana 3 kan mafi yawan kwanakin da kika saba, matuƙar duka ba su wuce kwana 15 ba. Abin da ya wuce nan jinin ciwo ne, ki yi wanka ki yi sallarki. Allah ya ba ki lafiya.