Aikin haɗin ƙyallaye uku sun tsaya rabi, ta ina za a kama?

Maman Biyu, Yamai:

Salamu alaikum ƴan uwa masu ɗinki. Shawara nake nema bisa bargon haɗin ƙyallaye. Aiki uku ke ajiye ba a gama ba. Na farko na gadon mutum biyu ne, kowane gida an yanka shi santimita 14 bisa 14, gida 15 a layi. Layi 11 sun haɗu cikin 18, amma wani layin ya ɗara wani da kusan santimita 5, kusurwoyi kuma sun ƙi gamuwa. Na biyu na jinjiri ne, fuskar ta ƙare, ba ciki ba shafi. Na uku rigar matashin kai ce mai yankan kusurwa uku, tsakiyarta ta taso kamar ƙwarya. Ga buhu guda na ragowar atamfa da shadda da yadi daga wurin teloli, kullum ƙaruwa yake. Keken Butterfly ne na ƙafa. Wanne ya kamata a fara kamawa, kuma me ake sawa a ciki da ba zai yi nauyi ba?

Tela Mai Keke, Wadata:

Wa alaikumus salam Hajiya. Wannan santimita 5 ɗin ba daga almakashi ya fito ba, daga bakin ɗinki ne. Gida mai 14, idan an ci santimita 1 kowane gefe, 12 ke saura. Gida 15 kenan su ba da 180, layi 18 su ba da 216. To a layi guda ɗinki 14 ne. Idan hannu ya zarce da milimita 2 kacal, kowane ɗinki ya cinye milimita 4, don ƙyalle biyu yake ci. Ki ninka sau 14, kin sami milimita 56. Ga santimita 5 ɗinki nan har da ɗori. Ido ba ya ganin milimita 2, sai an shimfiɗa layuka gefe da gefe sannan ɓarnar ta bayyana.

Kafin ki sake taka keke, ki auna santimita 1 daga allura zuwa dama, ki manna salatif ninki uku ko huɗu bisa farantin keken, ya zama katanga da bakin ƙyalle zai riƙa bi. Ki gwada da guntaye uku masu faɗin 6: idan an haɗa su aka goge, dole su ba da 14 cif. In ba su ba da ba, ki matsar da salatif ɗin, ba ƙyallen ba.

Layukan da aka riga aka ɗinka, ki goge su, ki auna kowanne, ki rubuta tsawonsa da alli a bayansa. Layin da ba a sa masa komai a baki ba, tsawonsa ya kamata ya kai 182. Bambancin da bai wuce santimita 1 ba yana shanyewa: ki soka fil a kowace mahaɗa, ki sa layin da ya fi tsawo a ƙasa, haƙoran keke za su ɗan tattaro shi ba tare da ya nuna ba. Wanda ya gaza da fiye da 2, ba sai an warware shi duka ba. Ki juya bayansa ki nemo ɗinkunan da suka fi faɗi, sau da yawa huɗu ko biyar ne, su kaɗai za ki kwance. Kada dai ki ja gajeren layi da ƙarfi don ya cim ma dogo. Ranar da ya sha ruwa zai koma inda yake, bargon ya murɗe.

Inna Mai Zare, Tawa:

Lissafin Malam Tela daidai ne, amma ɗiyata, ni ba zan ce ki fara da babban ba. Kama na jinjirin. Abin da ke tsayar da irin wanga aiki ba haɗin fuska ba ne, haɗa rufi uku ne wuri guda, wato fuska da ciki da shafi, kuma gara hannu ya koye shi bisa ƙarami. Gida 7 bisa 9 ai 84 bisa 108 ne, zane guda ya ishi shafinsa, yini biyu an gama.

Zancen abin ciki, soso dai ki bar shi. Yana riƙe ruwa, yana ƙara zafi, bayan ƴan wanki ya fara marmashewa ya taru a kusurwa. Kaɗa da aka saɓa tana da daɗin rufa, sai dai in ba a bi ta da ɗinki kowace santimita 5 ba, wanki guda ta dunƙule kamar curin fura. Manyan bargunan nan masu gashi kuwa ba su shiga ƙarƙashin ƙafar keke, kuma sanyinmu na watan Disamba da Janairu bai kai a ɗauki wannan nauyi ba. Abin da ya fi sauƙi shi ne tsofaffin zannuwan auduga biyu da suka sha wanki har suka yi laushi, ko siririn zanen gado mai ɗan gashi irin na gwanjo. Sun gama tsukewa tuntuni, ba su motsi a ciki, kuma da rana guda sun bushe.

Ki shimfiɗa shafi bisa siminti mai tsabta, fuskarsa ƙasa, ki danne bakinsa da salatif ko wani abu mai nauyi, ya miƙe amma kada ya ɗame. Ciki ya hau, sannan fuska. Shafi da ciki su zarce fuskar da santimita 5 kowane gefe, don suna janyewa lokacin ɗinki. Daga tsakiya ake fara riƙo, a bi zuwa baki, da doguwar allura da farin zare, taku manya-manya, layi kowace santimita 10 tsaye da kwance. Zare mai launi yakan bar shaida bisa farin ƙyalle, shi ya sa na ce fari. Wannan riƙon shi mutane ke tsallakewa don gajiya, shi ne kuma ke hana shafi naɗewa a baya.

In ba ki son kokawa da keke, ɗauri ma ya isa. Zare mai kauri ninki biyu, ki soka a kowace mahaɗar gida huɗu, ki fito kusa da inda kika shiga, ki sake zagayawa, ki ƙulla sau biyu. Amma ga na jinjiri ban so shi ba, yara na tsinkar ƙullin su kai baki. Nasa a ɗinke shi.

Tela Mai Keke, Wadata:

Inna ta yi gaskiya, a fara da ƙaramin. In za a bi shi da keke, ga abin da za a canza. Allura lamba 14 ce ta haɗin fuska, rufi uku kuwa 16 ta fi. Taku ya tashi daga milimita 2 zuwa 3 ko 3 da rabi. Akwai noti a saman kan keken wanda ke danne ƙafa, ki sassauta shi kaɗan, in ba haka ba ƙafar za ta riƙa tura fuska gaba yayin da haƙora ke jan shafi, ki iske ƙunci a ƙarshen kowane layi. Layin tsakiya za ki fara yi, ki naɗe ɓangaren dama kamar tabarma ya shige ƙarƙashin hannun keken. Kada nauyin bargon ya rataya ƙasa, ki jingina tebur ko kujera a baya da hagu. Yawan karyewar allura a wannan aiki daga nan yake fitowa.

Ga babban kuma, kada ki je kasuwa sau biyu. Faɗin atamfa wajen santimita 115 ne, shafi na bukatar 190 bisa 226. Yanka biyu masu mita 2 da 30 a haɗa su a tsaye, mita 4 da 60 kenan. Turmi guda yadi 6 ne, kusan mita 5 da rabi, saura wajen santimita 88. Kewayen bargon mita 7 da 92 ne, a ƙara na kusurwa da na gami ya zama 8 da 20. Tsiri 8 masu faɗin 6 sun rufe shi, santimita 48 kawai suka ci. Wato turmi guda ya ɗauke shafi da baki gaba ɗaya. Ki cire gefen nan mai rubutun kamfani kafin haɗawa, saƙarsa ta fi tsauri, yana tsukewa daban.

Hajiya Mai Shadda, Yamai:

Ba wanda ya taɓo buhun, kuma ina jin rabin matsalar tana cikinsa. Ragowar teloli ba iri ɗaya ba ce. Akwai auduga zalla, akwai mai haɗin roba, akwai shaddar rini da ta sha ƙaro da bugu. In an gama su a bargo guda ba a wanke ba, audugar za ta tsuke, mai robar ta tsaya yadda take. Tsukewar kashi 3 cikin 100 ma, bisa tsawon 216, ta wuce santimita 6.

Gane su ba wuya. Ki yanki ɗan guntu ki kai wuta: auduga warin takarda take yi, ta bar toka mai laushi, mai roba kuwa narkewa take ta dunƙule baƙi ƙirin. Don zuba kuma, ki jiƙa farin ƙyalle ki ɗora a kai ki danna dutsen guga. In launi ya fito, a ware ta. Ja da shuɗi mai duhu da shaddar rini su suka fi yi. Gishirin da ake cewa a zuba ba ya kama rinin zamani, abin da ke aiki shi ne a yi ta ɗauraya, kowane launi a bokitinsa, har ruwa ya fito garau. Wadda ta ƙi dainawa bayan ɗauraya huɗu ko biyar, ta tafi tsumman goge keke. Guntaye a matse su da hannu kawai, cuɗa na zare musu baki. A shanya a inuwa, a goge tun da sauran danshi. Leshi da yadi mai talewa ba su da wuri a wannan aiki, kada ma su ɓata miki lokaci.

Bayan wanki kada su koma buhu. Ki yanke su nan take zuwa girma uku da kwali mai tauri: 14 bisa 14, 8 bisa 8, da tsiri 6 bisa 14. Dalilin waɗannan lambobi shi ne huɗu masu 8 in sun haɗu 14 suke bayarwa, tsiri uku ma 14, don haka duk suna zama a layi guda da manyan gidaje, har su cike miki layi 7 da suka rage. Sai dai kwali na cinyewa a baki, a sake sabo bayan yanka kamar hamsin. Ki raba masu haske da masu duhu. In ido ya rikice da zanen atamfa, ki ɗauki hoto da waya ki mayar da shi baƙi da fari, nan take za su rabu. Manyan yankuna da suka kai rabin mita a bar su a ninke, na baki ne da gyara.

Ajiya kuwa, akwatin ƙarfe bisa bulo ko benci, nesa da bango saboda gara. Leda a ɗaure lokacin damina tana kawo fumfuna da wari. Kusa da taga kuma rana na cin ninkin da ke sama, a buɗe a iske layi fari a tsakiya. Ni a ganina, a daina karɓar sabuwar ragowa sai biyu cikin ukun nan sun fita daga hannu.

Maman Biyu, Yamai:

Allah ya saka da alheri, Inna da Malam da Hajiya. Saura biyu. Layi 11 ɗin nan ba a wanke ƙyallayensu ba, a jiƙa su yanzu? Rigar matashin fa, tana gyaruwa?

Inna Mai Zare, Tawa:

Kada ki jiƙa fuska ita kaɗai, ɗiyata, bakin ɗinkin duk zai zare a baya. Ki bi gidajen da kike zargi da gwajin farin ƙyalle da Hajiya ta faɗa, wanda ya zuba ki cire shi ki sa wani. Sauran layi 7 kuma, in an yi su da wankakku, kada su taru gefe guda, a raba su sama da ƙasa. Wanki sai an gama bargon ɗungum, da ruwan sanyi mai yawa, kada ya kwana a jiƙe.

Matashin kuwa, yankan gicciye ne ya tale. Dogon gefen kusurwa uku ba ya bin zaren saƙa, ko guga aka ja a kansa sai ya ƙaru. In tasowar kaɗan ce, ki fesa ruwa, ki riƙa ɗora dutsen guga kina ɗagawa ba tare da ja ba, ki danne da abu mai nauyi har ya huce. In ta yi ƙwarya sosai, kwancewa ba ta maido da ƙyallen da ya riga ya tale, sake yanka ya fi. Wannan karon kada ki yanka kusurwa tukuna. Ki haɗa gida biyu masu 16 fuska da fuska, ki ja layi da alli daga kusurwa zuwa kusurwa, ki yi ɗinki santimita 1 kowane gefen layin, sannan ki tsaga bisa allin. Gida biyu za su fito, ki goge su, ki daidaita kowanne da kwalin 14, layin gicciyen ya faɗa daidai bisa kusurwar kwalin.