Wai "conclusive" ƙarshe take nufi ko me?

Baban Amira: Jama'a ku raba mu. Malamin Turancin ɗiyata ya soke mata amsa don ta rubuta cewa "conclusive evidence" hujjar ƙarshe ce. Ba daga "conclusion" kalmar ta fito ba? Kuɗi fa muke biya, ba karatun sadaka ba ne.

Malam Na-Zariya: Alhaji, malamin ya fi ka gaskiya. Hujjar da ta kashe bakin gardama ake nufi, ko da ita aka fara kawowa. Tushenta Latin ne, "concludere", wato rufewa, a ja ƙofa a datse. Gamsasshiyar hujja kenan.

Ɗalibar Lauya: Allah gafarta Malam, ban da "gamsasshiya". Alƙali kan gamsu yau, gobe kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncinsa. Abin da doka ta kira "conclusive" ba a ma ba ka damar kawo wata hujja ka ƙaryata shi. Yankakkiya ce, irin wadda malaman usulu ke kira ƙaɗ'i, kishiyar zanni.

Malam Na-Zariya: 'Yata, aji nawa kike?

Ɗalibar Lauya: Ajin da ake karanta dokar shaida, Malam.

Ɗan Fagge: Ku yi ta fama da littafi. Mu Kanawa a zaɓen gwamna na Maris na 2019 aka koya mana ƙanwarta, inkonkulusib, wato zaɓen da bai kammala ba. Har mai shayi ya haddace.

Ɗan Gama: Don Allah ku bar mazaɓarmu ta huta haka.

Na-Lokoja: Kano ba ta fara ba. Kogi ta sha nata tun 2015, Osun a 2018. Ƙa'idar INEC ce a lokacin: in masu rajista a rumfunan da aka soke sun fi tazarar da ke tsakanin 'yan takara, sai a sake zaɓe a can.

Ɗan Fagge: Ƙa'ida? Wace hula ce a kanka tukuna?

Na-Lokoja: Ka kawo hujja, ka bar hulata.

Baban Amira: To makin ɗiyata fa?

Shugaban Zaure: Mun rufe. Kowa ya ga Malam, wanda ya koyar da rabinmu, ya warware zance tun farko: gamsasshiya ce. Ƙanwarmu lauya ta yi ƙoƙari, sai dai a riƙa girmama na gaba. Ɗan Fagge da Na-Lokoja ku ƙarasa a waje. Alhaji, a saya wa Amira ƙamus.