Wane tsari za a zaɓa wa NPort?

Masu aikin na'urorin masana'antu da suka tattauna haɗa mita ko sikeli mai RS-232 ko RS-485 (nau'o'in layin aika bayanai ta waya) da hanyar sadarwar kwamfuta ta akwatin NPort na kamfanin Moxa sun yarda da abu guda: manhajar da ke kwamfutarka ce za ta nuna maka tsarin.

Idan manhajar tsohuwa ce, ba ta san komai ba sai mashigar COM (inda ake jona irin wannan layi a jikin kwamfuta), a ɗauki tsarin Real COM. Ana saka direba (ƙaramar manhajar da ke haɗa kwamfuta da akwatin), kwamfuta ta ɗauka na'urar tana kusa da ita, alhali tana wani gini. Wannan ya fi yawan magoya baya, ni ma shi nake so, domin ba a taɓa manhajar.

Manhajar da ta iya TCP (ƙa'idar aika saƙo a hanyar sadarwa mai tabbatar da isarsa) ba ta buƙatar direba. Akwatin ya zauna yana jiran kira, yawanci a mashiga 4001. In kuwa yana nesa, a kan layin waya da adireshinsa ke sauyawa, to shi ya riƙa kiran uwar garke. UDP, wani tsarin aika saƙo, na da sauri, amma ba ya tabbatar da isar saƙo.

Gargaɗin da aka fi nanatawa: NPort na yau da kullum ba ya mayar da Modbus RTU (yaren na'urorin masana'antu a kan RS-232 ko RS-485) zuwa Modbus TCP (irinsa na hanyar sadarwa). Wannan aikin MGate ne, wani akwatin na Moxa.