Faifan mayar da kwamfuta ko cikakken faifan Windows?

Tambaya daga Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum. Zan saya wa ɗana kwamfuta mai sauƙin kuɗi domin karatunsa, amma mai shagon ya ce faifan da ke mayar da ita yadda ta fito daga kamfani kaɗai zai ba ni, babu cikakken faifan Windows. Shin wannan zai wadatar idan ta samu matsala?

Amsa daga Argungu:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Faifan mayar da kwamfutar yana da amfani, domin yana ɗauke da manhajojin da suka dace da sassan wannan samfurin, amma yawanci yana goge duk abin da ke ciki kafin ya mayar da ita, kuma ba ya aiki a wata kwamfutar daban. Na taɓa rasa rubutun bincikena na shekara guda ta wannan hanya, har yau abin yana yi mini ciwo.

Amsa daga Yawuri:
Alhaji, abin da ya fi muhimmanci shi ne lasisin Windows, wato izinin amfani da shi. Tun daga Windows 8, lambar lasisin kwamfutocin da suka zo da Windows daga kamfani tana ajiye a cikin injin kansa, don haka ana iya sauke Windows kyauta daga shafin Microsoft a zuba a filashi mai gigabait 8. Sai dai ka tabbatar kwamfutar tana iya ɗaukar Windows 11, domin an daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025.

Mai tambaya:
Na gode, malamai. Gobe zan koma shagon in duba lasisin kafin in biya.