John Morton: 1486 aka naɗa shi waziri ko 1487?

Salamu alaikum jama'a. Ina haɗa jadawalin rayuwar John Morton, Akbishop na Kantabari, wanda a matsayinsa na waziri ya riƙe wa Sarki Henry na 7 babban hatimin Ingila har rasuwarsa a 1500. Shekarar da ya karɓi hatimin ta hana ni sakat. Wasu littattafai sun ce Maris 1486, wasu Maris 1487, alhali a Oktoba 1486 ya zama akbishop, don haka ban san wane muƙami zan fara sakawa ba. Na ɗauka tsohuwar kalandarsu, mai fara shekara ranar 25 ga Maris, ce ta jawo bambancin, amma littattafan ba su faɗi lissafin da suka bi ba. Don Allah, a lissafin yau wace shekara ce daidai?