Tambaya: ta yaya ɗan majalisar jiha ya koma mai riƙe da kuɗin fanshon New York shi kaɗai?

Ɗan_Kurmi:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu bin siyasar Amurka ku fitar da ni duhu. Akwai wani mutum Thomas DiNapoli, kwanturolan jihar New York, na ga an rubuta tun 2007 yake kan kujerar nan, gwamnoni sun zo sun wuce, Spitzer, Paterson, Cuomo, ga Hochul, shi kuma yana nan daram. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne asalinsa ɗan majalisar dokokin jiha ne, shekara 20 yana majalisa, kuma tarihi ya karanta a jami'a ba akanta ba ne, amma aka damƙa masa asusun fanshon ma'aikata na sama da dala biliyan 250, wai kuma shi kaɗai ke da ta cewa a kai. To wa ya naɗa shi? Me ya hana wani gwamna ya cire shi ya sa yaronsa? Sannan aikin nasa na akanta-janar ne ko na odita-janar? Na gode.

Malam_Akawu:

Wa alaikumus salam Ɗan_Kurmi. Bari in fara da ta ƙarshen. Aikinsa ya haɗa biyun ne har da ƙari. Ofishinsa ke riƙe da littattafan kuɗin jiha, shi ke biyan albashin ma'aikatan jiha, shi ke duba manyan kwangiloli kafin su fara aiki, sannan shi ke bin ma'aikatu da ƙananan hukumomi da hukumomin makarantu yana binciken yadda suka kashe kuɗi. Amma ba shi ke tsara kasafin kuɗi ba, wannan na gwamna ne da majalisa, kuma ba shi ke karɓar haraji ba, akwai ma'aikatar haraji daban. Kar ka ɗauka haka abin yake a kowace jiha fa, a Texas kwanturola shi ke karɓar haraji, a Maryland majalisa ce ke zaɓen ma'ajin jiha, kowace jiha da nata tsarin.

Maganar gwamna kuwa, kujerar kwanturola ta zaɓe ce. Ranar da ake zaɓen gwamna ranar ake zaɓen kwanturola, wa'adin shekara 4, kowa da ƙuri'arsa, kuma New York ba ta ƙayyade yawan tazarce ba. Saboda haka gwamna ba zai wayi gari ya aika masa takardar sallama ba, in har za a cire shi sai an bi ta majalisa. Ka kwatanta da namu, inda gwamna ke naɗa odita-janar na jiha majalisa ta tabbatar, za ka ga inda hanya ta rabu.

Shi DiNapoli a siyasa ya tashi tun yana yaro. An haife shi a 1954 a Long Island, a 1972 yana ɗan shekara 18 ya tsaya takarar hukumar kula da makarantun Mineola ya ci, ya yi shekara 10 a wurin. Ya gama jami'ar Hofstra a 1976, ya yi aiki a kamfanin waya, sai a zaɓen 1986 ya shiga ƙaramar majalisar jiha mai kujeru 150 yana wakiltar wani yanki na gundumar Nassau a jam'iyyar Democrat. Babban abin da aka san shi da shi a majalisa ma ba harkar kuɗi ba ce, muhalli ne, yana cikin waɗanda suka ɗauki nauyin dokar 1993 da ta kare dajin Pine Barrens saboda a ƙarƙashin dajin nan ruwan shan mutanen Long Island yake. A 2001 ya nemi shugabancin gundumar Nassau, Tom Suozzi ya kayar da shi a zaɓen fidda gwani, ya ci gaba da zamansa a majalisa.

Yadda ya hau kujerar kuma ba zaɓen jama'a ba ne da farko. Wanda ke kai Alan Hevesi ya ci zaɓen Nuwamban 2006, amma a Disamba ya amsa laifi a kotu cewa ya riƙa amfani da ma'aikacin gwamnati yana tuƙa masa matarsa da ba ta da lafiya, ya ajiye aiki. Dokarsu ta ce in kujerar ta zama babu kowa majalisun jiha biyu ne za su zauna tare su cike gurbin. Ran 7 ga Fabrairun 2007 suka zaɓi DiNapoli da ƙuri'a 150, Martha Stark ta samu 56.

Maman_Bronx:

Malam Akawu sannu da ƙoƙari, amma ka yi saurin wuce wurin da rigimar take ai. Sabon gwamna Eliot Spitzer ya yi yarjejeniya da shugabannin majalisa cewa za a kafa kwamitin tsofaffin kwanturololi su tace masu nema, kwamitin ya zauna ya fito da mutum uku kuma babu ɗan majalisa ko ɗaya a ciki, ita Martha Stark ɗin tana cikin ukun, ita ce kwamishinar kuɗi ta birnin New York a lokacin. Sai kakakin majalisa Sheldon Silver da mutanensa suka yi fatali da sunayen suka ɗauko nasu na gida. Spitzer ya fusata iya fusata, ya fito fili yana cewa mutumin bai cancanta ba. Shekara ɗaya da 'yan makonni shi Spitzer ɗin ya sauka saboda nasa abin kunyar a Maris 2008, Silver kuma daga baya kotu ta ɗaure shi kan cin hanci, a tsare ya mutu a 2022. Wanda aka ce bai cancanta ba shi ya rage, ikon Allah kenan.

Kuma Ɗan_Kurmi ka lura da wani abu da ke rikita har mu da muke zaune a nan, kwanturola biyu ne. Akwai na jiha a Albany akwai na birnin New York, ma'aikatan birni irin su 'yan sandan birni da masu kwasar shara da malaman makarantun birni fanshonsu daban yake, asusu biyar ne kowanne da kwamitin amintattunsa. Malaman makaranta na sauran jihar su ma da nasu asusun. Na DiNapoli shi ne na ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana na wajen birni, mutum sama da miliyan 1 in ka haɗa masu aiki da 'yan fansho, shi ne na uku a girma a duk Amurka bayan biyu na California.

Mai_Gyara:

Ni fa duk wannan yabon bai shige ni ba. Mutum ɗaya, ɗan siyasa, mai neman gudummawar kuɗin kamfen duk shekara huɗu, a ce shi kaɗai ne amintaccen asusun biliyoyin daloli, ai an ba kura ajiyar nama kenan. Kuma ba hasashe nake ba an riga an gani. Shi Hevesi maganar direba ƙarama ce, babbar ta fito daga baya, a 2010 ya amsa cewa ya karɓi alfarma ta kusan dala miliyan 1, tafiye-tafiye da gudummawar kamfen da sauransu, daga wani ɗan kasuwa Elliott Broidy, shi kuma ya zuba dala miliyan 250 na 'yan fansho a kamfanin mutumin. A 2011 aka yanke wa Hevesi ɗaurin shekara 1 zuwa 4. Shi ma fa tsohon ɗan majalisar ne, ya fi shekara 20 a can, digirin digirgir gare shi ma. Andrew Cuomo da ya binciki shari'ar yana antoni-janar ya kawo shawarar a kafa kwamitin amintattu a daina barin mutum ɗaya, maganar ba ta je ko'ina ba.

Sannan kar a ce a zamanin DiNapoli komai fes. A Disamban 2016 an gurfanar da wani babban jami'in zuba jari na asusun nan kan karɓar na goro daga dillalai yana tura musu cinikin sama da dala biliyan 2, kuma an ɗaure shi. A ofishin wa aka ɗauke shi aiki?

Malam_Akawu:

Mai_Gyara maganarka akwai ƙamshin gaskiya, ba zan musa ba, wancan jami'in tabo ne a ofishin. Amma ɗan'uwa kwamiti ba magani ba ne shi kaɗai. In ka kafa kwamitin mutum goma sha, wa zai naɗa su? Gwamna ya kawo nasa, kakaki ya kawo nasa, ƙungiyoyin ƙwadago su kawo nasu, ranar da kuɗi suka salwanta kowa ya ce ba ni ba ne. Babban asusun California kwamiti gare shi, amma bai hana an ɗaure tsohon shugaban ma'aikatansa kan cin hanci ba. A tsarin New York ko ba komai an san wanda za a kama, kuma an kama ɗin.

Kuma kalmar shi kaɗai ɗin nan a ɗan sassauta ta. Akwai ƙwararrun ma'aikatan zuba jari, akwai kwamitocin shawara, akwai hukumar jiha da ke sa ido a kan asusun, sa hannun ƙarshe ne nasa. Bayan badaƙalar Hevesi, a 2009 DiNapoli ya hana 'yan kamashon nan masu shiga tsakani suna haɗa kamfanoni da asusun suna cin la'ada, domin ta wannan ƙofar ɓarnar ta shigo.

Jarrabawarsa ta gaske durƙushewar kasuwar 2008 ce. Asusun ya yi asarar sama da kashi 26 cikin 100 a shekara guda, ya sauko wajen dala biliyan 110 a ƙarshen Maris 2009. To tsarin mulkin jihar ya hana a rage wa ma'aikaci fanshon da aka yi masa alkawari, saboda haka in kasuwa ta faɗi giɓin yana komawa kan jiha da ƙananan hukumomi ne, kuma kwanturola ke faɗa wa kowa nawa zai zuba a shekara. Ya ƙara musu kason, magadan gari suka yi ta kuka don kuɗin daga harajin gidajen mutane yake fitowa, amma aka biya. Ga wani abu da ba kowa ke lura da shi ba, duk asusun fansho yana da ribar da yake ƙiyasta zai samu a shekara, in ka ƙiyasta riba mai yawa sai kason da gwamnati za ta zuba yau ya ragu, kowa ya ji daɗi, a bar wa na baya bashi. Shi rage ƙiyasin ya riƙa yi, daga kashi 8 har ya kai kashi 5.9 a 2021. Je ka duba Illinois da New Jersey da suka shafe shekaru ba sa zuba cikakken kasonsu ka ga ramin da suka faɗa. A ganina wannan ba ilimin akanta yake buƙata ba, akantoci sun cika ofishin, abin da ake buƙata mutumin da zai iya cewa gwamna da tsofaffin abokansa na majalisa ku biya, kuma ba a hannunsu kujerarsa take ba.

Da ya fuskanci jama'a a 2010 ma da ƙyar ya sha a hannun Harry Wilson na Republican, wanda shi cikakken masanin harkar kuɗi ne daga Wall Street, tazarar ba ta kai kashi 5 ba, kuma Cuomo ɗan jam'iyyarsu da ke takarar gwamna bai ɗaga hannunsa ba. Daga nan ya sake ci a 2014 da 2018 da 2022.

Mai_Gyara:

To Malam tunda ka ce kujerarsa ba a hannunsu take ba, ya aka yi a 2011 da 2012 gwamna Cuomo da majalisa suka zare masa ikon duba wasu kwangiloli kafin a sa hannu, har da na jami'o'in jiha? Ba su kore shi ba amma sun rage masa haƙora yana ji yana gani. Bayan nan aka yi badaƙalar kwangilolin Buffalo Billion, shirin jiha na raya birnin Buffalo, da ta kai shugaban wata jami'ar fasaha ta jiha gaban kotu a 2018. Sai ƙarshen 2022 Hochul ta sa hannu aka mayar da ikon a doka, shekara goma kenan. Ni abin da nake zarginsa da shi sanyi, mutum ne mai son zaman lafiya da kowa, rahoto zai fitar a rubuce a wuce wurin. Maganar sauyin yanayi ma haka, 'yan rajin muhalli sun daɗe suna matsa masa ya janye jari daga kamfanonin mai, sai Disamban 2020 ya fito da shirin da wa'adinsa 2040 ne.

Maman_Bronx:

Mai_Gyara wannan sanyin shi ya sa ya daɗe ai, masu zafin ina suke yanzu. Kuma maganar kamfanonin mai kar ka manta kuɗin tsofaffi ne ba nasa ba, in ya sayar da hannun jari a gurguje aka yi asara ku ne za ku fara zaginsa.

Ɗan_Kurmi:

Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai wallahi. Hajiya tunda kina can, na ga ana cewa ofishin nasa yana mayar wa mutane kuɗin da suka manta, gaskiya ne ko irin na 'yan damfara ne? Ina da yaya da ya yi aiki a can shekarun baya ya dawo gida.

Maman_Bronx:

Gaskiya ne ƙanina. In asusun banki ya daɗe ba a taɓa shi ba, ko cakin albashi da ba a karɓa ba, ko kuɗin ajiya na kamfanin wuta ko inshora, doka ta tilasta wa kamfanin ya miƙa wa ofishin kwanturola, biliyoyin daloli ne jibge a wurin kuma ba su da ranar lalacewa, ko magada suna iya nema. Ka ce wa yayan naka ya shiga shafin ofishin a intanet ya sa sunansa yadda yake a takardunsa na can, ya gwada har da rubutun da Turawa kan yi kuskure a kai, in ya fito za su nemi shaidar cewa shi ne da adireshin da ya zauna. Kyauta ne, duk wanda ya kira shi ya ce ya turo kuɗi kafin a fitar masa ya kashe wayarsa.